Rachel Carson: Matar da ta farkar da duniya da gawarwakin tsuntsaye

Rachel Carson, masaniyar halittun ruwa kuma marubuciya 'yar ƙasar Amurka, wadda ta rasu a shekarar 1964, tana sahun gaba cikin mutanen da suka jawo hankalin duniya ga haɗarin da ke tattare da magungunan kashe ƙwari.

Mafi ƙarfin hujjojinta sun fito ne daga ƙananan tsuntsayen da aka riƙa tsintar gawarwakinsu a titunan garuruwa da harabar jami'o'i, bayan an yi feshi. Abin da masana suka tarar a ƙwaƙwalwa da hanta da kitsen waɗannan tsuntsaye shi ta tattara ta gabatar wa jama'a, a matsayin ma'aunin gubar da ɗan Adam ke zaune a cikinta bai sani ba.

Tasowarta

An haifi Rachel Louise Carson ranar 27 ga watan Mayun 1907, a ƙaramin garin Springdale da ke bakin kogin Allegheny, kusa da birnin Pittsburgh a jihar Pennsylvania. Ita ce auta cikin 'ya'ya uku. Iyayenta suna da fili mai faɗin eka 65, amma ba su da wani abin hannu. Mahaifinta, Robert Carson, dillalin inshora ne wanda harka ba ta taɓa yi masa kyau ba.

Mahaifiyarta, Maria, tsohuwar malamar makaranta ce, kuma ita ce ta koya mata sanin tsuntsaye da tsirrai tun tana 'yar ƙarama. A daidai lokacin ne masana'antu ke ta mamaye kwarin Allegheny, saboda haka ta taso tana ganin yadda hayaƙi da dagwalon masana'antu ke ɓata iska da ruwan yankinsu.

Tun tana firamare take rubutu. A 1918 wata mujallar yara mai suna St. Nicholas ta buga labarinta na farko. A 1925 ta shiga Kwalejin Mata ta Pennsylvania da niyyar karanta adabin Ingilishi, sai darussan wata malama mai suna Mary Scott Skinker suka karkatar da ita zuwa nazarin halittu. Ta kammala a 1929 da sakamako mai daraja, kuma a wannan shekarar ce ta fara ganin teku da idonta, lokacin da ta je cibiyar binciken halittun ruwa ta Woods Hole a jihar Massachusetts.

Ta samu digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi daga Jami'ar Johns Hopkins a 1932. Ta so ta ci gaba zuwa digirin digirgir, amma matsin tattalin arziƙin da ya dabaibaye Amurka a wancan lokaci ya tilasta mata barin karatu a 1934. Mahaifinta ya rasu a 1935, nauyin gida ya dawo kanta. Bayan shekara biyu yayarta Marian ma ta rasu ta bar 'ya'ya mata biyu, riƙonsu ya koma hannun Rachel da mahaifiyarta.

Aikin gwamnati da littattafan teku

Neman abin rufin asiri ne ya kai ta Hukumar Kula da Kamun Kifi ta Amurka, inda aka fara ɗaukarta aikin wucin gadi na rubuta gajerun shirye-shiryen rediyo game da rayuwar halittun ruwa. A 1936 ta ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka tabbatar da ita a matsayin ƙaramar jami'ar nazarin halittun ruwa.

Littafinta na farko, Under the Sea-Wind, ya fito a watan Nuwamban 1941. Masu sharhi sun yaba masa, amma bayan 'yan makonni Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, littafin bai yi kasuwa ba. Ta ci gaba da aiki har ta zama babbar editar wallafe-wallafen Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji a 1949.

Littafinta na biyu, The Sea Around Us, wanda ya fito a 1951, shi ne ya fito da sunanta. Ya shafe makonni 86 a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, ya kuma samu babbar lambar yabon littattafai ta ƙasa a 1952. Kuɗin da ta samu ya ba ta damar ajiye aikin gwamnati a wannan shekarar, ta gina ɗan gida a gaɓar tekun jihar Maine. A 1955 ta fitar da na uku, The Edge of the Sea.

Wannan suna da ta yi ya yi mata rana daga baya. Lokacin da ta juya ga batun guba, miliyoyin Amurkawa sun riga sun san ta a matsayin mai faɗar gaskiyar kimiyya cikin harshen da kowa zai fahimta.

Maganin da aka ɗauka waraka ne

A 1939 wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwizaland, Paul Müller, ya gano cewa sinadarin DDT na kashe ƙwari. A lokacin yaƙi sojojin ƙawance sun yi amfani da shi wajen daƙile annobar zazzaɓin taifus da kwarkwata ke yaɗawa a birnin Naples na Italiya, da kuma yaƙar sauro a fagagen daga. An ba Müller kyautar Nobel a 1948, kuma babu shakka maganin ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa.

Daga 1945 aka fara sayar da shi ga kowa da kowa a Amurka. Aka shiga fesa shi daga jiragen sama a kan gonaki da dazuzzuka da fadamu, da motoci a cikin unguwanni. A wannan shekarar Carson ta nemi mujallar Reader's Digest ta ba ta dama ta yi rubutu a kan gwaje-gwajen da ake yi game da illarsa ga namun daji, amma mujallar ba ta nuna sha'awa ba.

Abin da ya sa DDT ya yi farin jini shi ne kuma aibinsa. Ba ya saurin ruɓewa, yana iya shekaru a cikin ƙasa. Ba ya narkewa a ruwa, amma yana narkewa a kitse. Don haka duk halittar da ta ci shi, sai ya taru a jikinta, wadda ta cinye ta kuma ta gaji abin da ta tara.

A watan Janairun 1958 wata ƙawarta mai suna Olga Owens Huckins ta rubuto mata daga garin Duxbury na Massachusetts, tana ba ta labarin yadda tsuntsaye suka mutu a filinta bayan jirgi ya yi feshin sauro. Carson ta fara neman wanda zai yi rubutu a kan lamarin, da ba ta samu ba sai ta ɗauki aikin da kanta. Ya ci mata shekara huɗu.

Tsuntsayen harabar jami'a

Labarin da ya fi ratsa zukatan masu karatunta ya faru ne a cikin gari. Itacen elm shi ne itacen inuwa a titunan garuruwan Amurka da yawa, kamar yadda darbejiya take a garuruwan ƙasar Hausa. Wajen 1930 wata cutar fumfuna ta shigo daga Turai a cikin gungumen katako, wani ƙwaro mai raɓewa a ɓawon itacen yana yaɗa ta. Hukumomin birane suka duƙufa fesa wa itatuwan DDT domin kashe ƙwaron.

A 1954 aka fara irin wannan feshi a harabar Jami'ar Jihar Michigan da ke East Lansing. A can akwai wani masanin tsuntsaye, Farfesa George Wallace, da ɗalibinsa John Mehner, wanda ya zaɓi nazarin wani tsuntsu mai jan ƙirji da ake kira robin. Amurkawa na ɗaukar dawowar wannan tsuntsu a matsayin alamar ƙarewar hunturu.

Daga shekarar da ta biyo baya aka fara tsintar tsuntsayen a harabar jami'ar, wasu a mace, wasu suna karkarwa, sun kasa tashi, har su mutu. Kowane ayari ya sauka, cikin kwanaki kaɗan sai ya ƙare. A wani yanki na harabar inda ya kamata a ƙidaya 'yan tsaki aƙalla 370, a ƙarshen watan Yunin 1957 Mehner ɗaya tak ya gani.

Abin da ya ɗaure kai shi ne, ba a kan tsuntsayen aka yi feshin ba, wasu ma ba su iso ba sai bayan watanni. Dakta Roy Barker na jihar Illinois ne ya warware wannan a wani bincike da ya wallafa a 1958. Maganin yana maƙalewa a ganye, ruwan sama ba ya wanke shi. Ganyen ya zube ya ruɓe, tana ta ci, gubar ta taru a jikinta. Da sanyi ya wuce sai robin ya zo ya ci tanar. An ƙiyasta cewa manyan tana 11 sun isa su kashe tsuntsu guda, alhali yana iya cinye hakan cikin 'yan mintoci.

Da aka feɗe gawarwakin aka auna, an samu sinadarin a ƙwaƙwalwa da sauran sassan jiki, har da 'ya'yan maraina na mazan da mahaifar ƙwai ta matan. Wannan ya nuna cewa tsuntsun da bai mutu ba ma, zuriyarsa na cikin haɗari. A wani gari na jihar ta Michigan, Cibiyar Kimiyya ta Cranbrook ta roƙi jama'a a 1956 su riƙa kawo mata tsuntsayen da ake zaton feshi ne ya kashe su. Ba a jima ba na'urorin sanyaya kayanta suka cika, dole ta daina karɓa.

Carson ta haɗa wannan da abin da ya faru a tafkin Clear Lake na jihar California. A can an zuba wani ɗan'uwan DDT mai suna DDD a 1949 da 1954 da 1957 domin kashe wasu ƙananan ƙudaje. Adadin da aka zuba bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan 50 na ruwan ba. Amma da wasu tsuntsayen ruwa masu cin kifi suka fara mutuwa, an tarar da har kashi 1,600 cikin miliyan a kitsensu, wato ninki dubu 80 na abin da ke cikin ruwan. Gubar ta bi ta ƙananan halittun ruwa zuwa ƙananan kifaye, zuwa manya, zuwa tsuntsu, tana ƙaruwa a kowane mataki.

Darasin da ta fitar shi ne, auna ruwa ko ƙasa kaɗai na iya yaudarar hukuma, domin jikin mai rai yana tara abin da ma'auni ke ganin bai taka kara ya karya ba. Mutum kuma yana ci daga ƙarshen wannan jeri, kamar tsuntsun.

Littafin da ya ta da ƙura

Mujallar New Yorker ta fara buga sassan littafin a watan Yunin 1962, cikakkensa kuma ya fito ranar 27 ga Satumba da sunan Silent Spring. Sunan na nuni ne da zuwan lokacin da sanyi zai wuce amma ba za a ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba.

Carson ba ta nemi a haramta magungunan kashe ƙwari baki ɗaya ba. Abin da ta yi suka a kai shi ne feshin kan mai uwa da wabi, ba tare da bincike ba, ba kuma tare da sanin mutanen da ake fesawa a kan gidajensu ba. Ta yi gargaɗin cewa yawan feshi na sa ƙwari su saba da magani har ya daina yi musu aiki. Ta kuma ba da misalan wasu hanyoyi, kamar dabarar Edward Knipling ta sakin mazan ƙudaje da aka mayar juya, wadda ta kawar da wani ƙuda mai cin naman dabbobi daga tsibirin Curaçao a 1954.

Kamfanonin sinadarai sun yi mata ca. Kamfanin Velsicol ya yi wa mawallafinta barazanar zuwa kotu tun kafin littafin ya fito. Kamfanin Monsanto ya rarraba wata ƙasida mai kwaikwayon salonta, wadda ke zana duniyar da ƙwari da yunwa suka cinye saboda rashin magani. Wasu sun bar hujjojinta suka koma kan ita kanta, suna cewa mace ce mai saurin firgita, ba ta da aure, ba ta da digirin digirgir.

Sai dai ta riga ta yi shiri. Ƙarshen littafin na ɗauke da shafuka fiye da 50 na madogara, kuma ta bai wa ƙwararru babi-babi sun duba kafin a buga. Ranar 3 ga Afrilun 1963 gidan talabijin na CBS ya nuna wani shiri inda aka ji ta bakinta da na Dakta Robert White-Stevens, mai magana da yawun masana'antun. Natsuwar da ta nuna ta rushe hoton da aka yi ta ƙoƙarin zana ta da shi.

Shugaba John Kennedy ya sa kwamitinsa na masu ba da shawara kan kimiyya ya binciki batun. Rahoton da kwamitin ya fitar ranar 15 ga Mayun 1963 ya gaskata akasarin damuwarta, ya kuma ba da shawarar a janye magungunan da ke daɗewa ba su ruɓe ba sannu a hankali. A watan Yuni ta ba da bahasi a gaban wani kwamitin majalisar dattawa.

Jinya a ɓoye

Duk wannan gwagwarmaya ta yi ta ne tana fama da ciwo. A 1957 'yar yayarta Marjorie ta rasu, ta ɗauki riƙon ɗanta Roger mai shekara biyar. A ƙarshen 1958 mahaifiyarta, wadda suka zauna tare kusan duk tsawon rayuwarta, ita ma ta rasu. A 1960 aka yi mata tiyatar sankarar mama, kuma likitan bai gaya mata gaskiyar girman cutar ba sai da ta gano daga baya cewa ta yaɗu.

Ta ɓoye ciwon ga jama'a, saboda gudun kada abokan hamayya su ce ɗacin rashin lafiya ne ya sa ta rubuta abin da ta rubuta game da sinadarai da ciwon daji. Ta rasu ranar 14 ga Afrilun 1964 a gidanta da ke Silver Spring a jihar Maryland, tana da shekara 56.

Abin da ya biyo baya

Binciken da aka yi bayan rasuwarta ya ƙarfafa abin da ta faɗa game da tsuntsaye. A cibiyar Patuxent ta Maryland, Lucille Stickel da mijinta William sun nuna cewa adadin gubar da ke ƙwaƙwalwa shi ne ke tabbatar da ko ita ce ta kashe tsuntsu. A 1967 Derek Ratcliffe na Birtaniya ya auna ƙwayayen shaho da ke ajiye a gidajen tarihi, ya gano cewa ɓawonsu ya fara yin laushi ne daga wajen 1947, daidai lokacin da DDT ya bazu. Daga baya aka tabbatar cewa sinadarin DDE, wanda DDT ke rikiɗa ya zama a cikin jiki, shi ke hana ɓawon yin kauri, har ƙwan ya fashe a ƙarƙashin uwar.

A 1970 Amurka ta kafa Hukumar Kare Muhalli, wadda a 1972 ta haramta amfani da DDT a gonaki. Gaggafa mai farin kai, tambarin ƙasar, wadda a 1963 ba ta wuce ma'aurata 417 ba a jihohi 48, ta farfaɗo har aka cire ta daga jerin halittun da ke fuskantar barazana a 2007. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya ba Carson lambar girmamawa mafi daraja da ake bai wa farar hula.

Amma gubar ba ta gushe da haramcin ba. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Jihar Michigan sun ba da rahoton samun DDT mai yawan da ke kisa a ƙwaƙwalwar tsuntsayen robin da suka mutu a garin St. Louis na jihar, kusa da tsohuwar masana'antar Velsicol da aka rufe tun 1978.

Muhawarar zazzaɓin cizon sauro

Har yanzu akwai masu ɗora mata alhakin mutuwar miliyoyin mutane a Afirka, bisa zargin cewa littafinta ne ya hana amfani da DDT wajen yaƙar sauro. Masu kare ta na amsawa da cewa haramcin 1972 na cikin Amurka ne, kuma bai shafi kiwon lafiyar jama'a ba. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ma ta bar ƙofar amfani da shi wajen yaƙar ƙwarin da ke yaɗa cututtuka, kuma a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan fesa shi a bangon ɗakuna inda ya dace.

Suna kuma tunatar da cewa sauro ya fara bijire wa magunguna tun kafin littafin ya fito. A tsakiyar shekarun 1950, a yankin Birnin Kebbi na lardin Sakkwato na wancan zamani, inda aka yi gwajin feshin gidaje, an gano saurayen da maganin dieldrin ya daina kashewa.

Inda wasu masana ke ganin ta zarce abin da hujjar zamaninta ta nuna shi ne batun ciwon daji. Duk da haka, a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya DDT cikin sinadaran da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar ga ɗan Adam.

Tsuntsu a matsayin ma'auni

Hanyar da Wallace da takwarorinsa suka bi, wadda Carson ta sanar da duniya, ta zama fanni mai zaman kansa. Masana na auna jini da gashi da ƙwai da huhu da hantar tsuntsaye domin sanin abin da ke cikin iska da ƙasar wani wuri. Tantabarar birni ta fi dacewa da wannan aiki, domin ba ta nisa da unguwarta, tana shaƙar iskar da mutane ke shaƙa, tana kuma tsintar abinci a ƙurar da yara ke wasa a ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan tantabaru 825 a birnin New York ya nuna cewa unguwannin da tantabarunsu suka fi yawan dalma a jini, su ne kuma yaransu suka fi yawanta.

Najeriya ta ga irin wannan alama da idonta. A farkon 2010 mazauna wasu ƙauyukan jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, sun lura agwaginsu na mutuwa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Cikin watannin da suka biyo baya gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Sai daga baya jami'an lafiya da suka yi bincike suka fahimci cewa mutuwar agwagin gargaɗi ne da ya riga mutuwar yaran zuwa.